Kafin Ki Sayi Firjin Ajiye Furanni, Ji Abin Da Ya Sami Ƙanwata



Idan kina yawan zuwa bukukuwa a Kano, Kaduna ko Abuja, ko kina leƙa Instagram da daddare bayan yara sun yi barci, na san kin lura furen roba ya fara ja da baya a wurin masu hali. Amaryar yanzu so take ta riƙe damin ɗanyen fure a wurin dina, a jera shi a kan tebura, a kewaye kujerarta da shi ranar kamu. Har mai jego ma an fara kai mata shi asibiti, ina gani da idona. Mata da yawa sun hango akwai abinci a cikin wannan harka, musamman masu sana'ar ƙawata wurin biki. Ƙanwata na cikinsu.

Kwasar adashinta ta yi ta zuba a ciki. Ta sami aikin dina na ranar Asabar, ta yi odar furen wardi, wanda muka fi kira ros, daga Jos. Ya iso mata ranar Alhamis da daddare, a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da ko bango ka taɓa sai ka ji kamar tanda. Ta raba shi biyu. Rabi ta zuba a firizar gida bayan ta murɗa maɓallin zuwa ƙasa, wai don kada sanyin ya yi yawa. Ɗaya rabin ta roƙi wani mai shago a layinsu ya sa mata a firjinsa na lemo mai ƙofar gilas.

Ranar Juma'a da yamma ta buɗe firiza ta tarar da furen tsaf, kamar yanzu aka yanko shi. Ta fito da shi ta fara ɗauri. Kafin awa guda ya saki jiki, ya yi baƙi, ya koma kamar dafaffen alayyafo. Na wajen mai shago kuwa bakin ganyensa ya bushe ya yi ruwan ƙasa kamar tsohuwar takarda, kawunan duk sun sunkuya. Ta mayar wa uwar amarya rabin kuɗinta, ta yi biki da furen roba, ga zubin adashi na jiranta kowane wata.

Ina wurin aikin dare ta kira ni tana kuka. Bayan na lallashe ta, tambayar farko da ta fito daga bakina ita ce: digiri nawa firizar take? Ta ce ba ta sani ba. Firjin lemon fa? Shi ma ba ta sani ba.

Ba ni da shagon fure, amma na shekara da shekaru ina kula da firjin alluran rigakafi. A wurinmu doka ce maganin ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos, a duba ma'aunin safe da yamma a rubuta a takarda. Wasu alluran, irin na ciwon hanta da ake yi wa jarirai, idan suka daskare sau ɗaya sun tashi aiki, ko da kwalbar tana nan garau. Da muka zauna ni da ƙanwata muka bi lamarin fure tiryan-tiryan, sai na ga kusan hanya ɗaya ce. Abin da muka gano shi ne nake son in ajiye miki kafin ki kai kuɗinki kasuwa.

Fure bai mutu ba don an yanke shi

Furen da aka yanko yana ci gaba da numfashi, yana cin ɗan sukarin da ya tara a jikinsa, yana kuma fitar da ruwa ta ganye. Tunda an raba shi da saiwarsa, abin da ya ci ba ya dawowa. Zafi kuwa hanzarta wannan ci yake yi: duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin numfashin sau biyu zuwa uku. Ki auna da kanki tazarar da ke tsakanin digiri 2 da digiri 40 na bazararmu. Ros ɗin da zai yi mako guda ko fiye a sanyi, yini ɗaya ya ishe shi ya gama rayuwarsa a falon da babu iska.

Saboda haka abu uku fure ke nema a wurin firji, kuma dole su haɗu lokaci guda. Sanyi mai tsayawa wuri ɗaya, tsakanin digiri 2 zuwa 4, ba tare da ya taɓa sauka ƙasa da sifili ba. Danshi mai yawa a cikin iskar, daga kashi 80 cikin ɗari zuwa sama, in ya kai 90 ya fi. Sai iska mai tafiya a hankali, wadda ba ta kaɗa ganye.

Firizar ƙanwata ta faɗi a na farko. Maɓallin firiza, ko kin murɗa shi zuwa ƙarshe, ba ya fitar da ita daga daskarewa, don an ƙera ta ne ta yi aiki a wajen digiri 18 ƙasa da sifili. Ruwan da ke cikin ganyen fure ya zama ƙanƙara, ƙanƙarar ta yayyaga naman ganyen daga ciki. Muddin yana daskare ba za ki gane ba, sai ya narke ɓarnar ta bayyana.

Firjin lemon ya faɗi a na biyu da na uku. Shi an yi shi ne don ya sanyaya kwalabe da sauri, don haka fankarsa mai ƙarfi ce, kuma bututun sanyinsa yana yin sanyi fiye da iskar ciki nesa ba kusa ba. Duk danshin da ke cikin iska sai ya je ya maƙale a jikin bututun, ya zama ruwa ya fita ta baya. Kwalba ba ruwanta da wannan. Fure kuwa kamar kin shanya shi a iskar hunturu ne. Firjin gida irin na zamani wanda ba ya tara ƙanƙara, shi ma haka yake busar da abu. Ai kin ga yadda yankakken kabeji ko karas ke yanƙwanewa idan kika bar shi a buɗe kwana biyu a ciki.

Firjin da aka ƙera musamman don fure ya bambanta a nan. Bututun sanyinsa ya fi faɗi, don haka ba ya bukatar ya yi sanyi sosai kafin ya sanyaya ɗakin, ba ya kuma kwashe danshi da yawa. Fankarsa a hankali take juyawa. A ido da wuya ki bambanta shi da na lemo, kuma na sha ganin mai kaya ya nuna na lemo ya ce ai duk ɗaya ne. Ki sa a kunna, ki riƙe ƙyallen tishu a tsakiyar firjin. Idan yana kaɗawa kamar tuta, na lemo ne.

Akwai kuma furannin da sanyin nan ke kashewa. Ros, kaneshan, lili da ƙananan fararen furannin nan da ake cike gibi da su, duk 'yan sanyi ne. Amma furannin ƙasashen zafi, irin su anturiyam mai ja kamar an shafa masa mai, da helikoniya, da yawancin okid, idan suka kwana a ƙasa da digiri 10 sai su yi tabo baƙi-baƙi su dusashe. Waɗannan digiri 13 zuwa 18 suke so, wato ɗaki mai AC ya ishe su. Don haka kafin ki tambayi kuɗin firji, ki zauna ki rubuta irin furen da za ki fi sayarwa. Idan kin haɗa kashi biyun, wuri biyu kike bukata.

Fara da wutar unguwarku

Littattafan Turawa a kan wannan sana'a sukan fara ne da girman firji da kyan gilas. Mu a nan wuta ce farko. Firjin da ya fi kowanne tsada, idan aka ɗauke wuta awa goma, akwati ne kawai.

Kuma ba ɗumin ne kaɗai matsalar ba. Duk sanda firji ya ɗumama ya sake yin sanyi, raɓa na sauka a kan ganyen fure. Wannan raɓar ita ke tayar da wani fumfuna mai launin toka da ke cin ros, ya fara da ɗigon ruwan ƙasa a ganye, kafin kwana biyu kan furen ya ruɓe. Firjin da ke tsaye a digiri 5 dare da rana ya fi wanda ke lilo tsakanin 2 da 15.

Ki ɗauki mako biyu kina rubuta awa nawa kuke samun wuta, da kuma tsawon lokacin da ta fi daɗewa ba ta dawo ba. Wannan tsawon shi ne abin da za ki yi wa tanadi. Ki tuna watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Wanda duk abincinsa ke cikin firji ya san abin da ya gani a lokacin.

Sai lissafin kuɗin wutar. A bayan kowane firji akwai ɗan faranti ko takarda da aka rubuta yawan wat ɗin da yake ja. Ga misali don ki gane yadda ake yi: a ce firji na jan wat 300, injinsa kuma yana aiki awa 15 cikin 24, kin ga ya ci yunit huɗu da rabi a rana. A watan Afrilun 2024 an mayar da kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga waɗanda ke rukunin A, masu alƙawarin wutar awa 20. A wannan farashi, firjin zai ci miki sama da naira dubu ɗaya kullum, sama da dubu talatin a wata, ko kin yi ciniki ko ba ki yi ba. Ki saka naki wat ɗin da naku farashin ki gani. Idan da janareta za ki riƙe shi, kuɗin ya wuce haka sosai.

Abu ɗaya da masu sola da janareta ke yawan mantawa: kwamfuresa, wato injin da ke gurnani a bayan firji, a daidai lokacin da zai tashi yana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar na abin da aka rubuta, wani lokaci ma fiye. Shi ya sa ƙaramin janareta ke shaƙewa, inbata ta yi ƙara ta mutu, alhali a takarda lissafin ya yi daidai. Firji mai kwamfuresa irin ta inbata a hankali yake tashi, ba ya wannan fizgar, kuma ya fi tsimin wuta. Ya fi tsada ranar saye, amma idan da sola za ki yi aiki, batirin da zai rage miki ya biya bambancin. Ko wanne kika saya, kada ki jona shi kai tsaye a bango. Ki sa sitabilaiza mai jinkiri, wadda ke jira minti uku zuwa biyar bayan an kawo wuta kafin ta saki. Wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita nan take ita ce ta fi ƙona kwamfuresa.

Wanne za ki saya?

Idan daga gida kike sana'ar, oda ake ba ki ta waya, babu mai zuwa kallon kaya, to shawarata za ta ba ki mamaki bayan labarin da na ba ki: firiza mai murfi a sama. Sai dai ba yadda ƙanwata ta yi ba. Akwai wata 'yar na'ura da masu gyaran firji suka sani, tamostat na waje mai nuna lamba. Ana jona firizar a jikinta, a zura wayar ma'auninta cikin firizar, a saita ta a digiri 3 ko 4. Da sanyi ya kai nan sai ta yanke wuta, da ya hau sai ta mayar. Firizar ta zama firji ke nan.

Dalilin da ya sa nake son wannan hanya daga wurin aiki na samo shi. Yawancin firjin rigakafi da ake kai wa ƙananan asibitoci masu murfi a sama ne. Iska mai sanyi ta fi nauyi, tana kwanciya a ƙasa. Idan kika buɗe ƙofar firjin tsaye sai ta zubo waje kamar ruwa, amma idan murfi kika ɗaga tana nan zaune. Bangon firiza ya fi kauri, babu fanka mai busarwa, danshi na zama a ciki. Idan kika jera jarkokin ruwa ko robobin ruwa a ƙasa da gefe, kamar yadda muke yi, za su sha sanyi su riƙe, su yi ta sakinsa a hankali bayan an ɗauke wuta.

Tana da nata aibin. Bangon ciki yana yin sanyi fiye da tsakiya, don haka duk furen da ya jingina da shi zai iya ƙonewa da sanyi. Ki jera robobin ruwan su shiga tsakani. Ruwa zai riƙa taruwa a ƙasa, sai kin riƙa gogewa. Sannan zurfinta: karan ros yakan kai santimita 40 zuwa 70, ga tsayin bokiti, ga kuma ɗan sarari da ya kamata a bari tsakanin kan fure da murfi. Ki je kasuwa da tef ɗin awo. Ƙanwata da bokitinta ta je, 'yan kasuwa suna ta dariya, amma ba ta sayo abin da murfinsa zai danne mata kaya ba.

Idan kuma shago gare ki a bakin titi, kina son mai wucewa ya gani ya yi sha'awa, to firjin tsaye mai ƙofar gilas ne naki. In aljihu ya kai, ki nemi na fure na asali. In bai kai ba kika koma ga na lemo, ki san gyara za ki yi masa: mai gyara ya sa wani faranti a gaban fankar don iskar ta daina dukan furen kai tsaye, furen ya zauna a bokiti da ruwa kullum, a bar masa ledarsa ko takardarsa a kewaye da kai, a kuma nisanta shi da bakin fanka. Gilas ɗin ya zama mai ruɓi biyu, in ba haka ba da damina zai yi ta zufa har ba a ganin abin da ke ciki. Fitilar ta zama LED, don ba ta zafi. Ki kuma sani gilas ba ya riƙe sanyi kamar bango. Masu dabara sukan sa kaɗan a na gilas don talla, sauran kayan suna baya a rufaffen wuri.

Ɗakin sanyi kuwa na wadda ta kai matsayin ƙawata zauren biki gaba ɗaya ce, mai karɓar kwalaye daga Kenya ko Habasha ta jirgi. Ana haɗa shi da allunan da aka cusa wa soso mai hana zafi shiga, kuma kaurin allon da kyan ƙofar sun fi girman injin muhimmanci. Manoman fure a Amurka suna amfani da wata na'ura mai suna CoolBot da ke sa AC na gida ya sauko da ɗaki mai kyakkyawan rufi zuwa sanyin firji, amma ba da kowane AC take aiki ba. Idan ba ki kai nan ba, kada ki ci bashi don ki kai. Ɗakin da babu kaya a ciki ma wuta yake ci.

Wata za ta tambaya, randa fa? Malam Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malamin makaranta ne a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Tana aiki sosai a lokacin rani idan iska ta bushe, kuma za ta taimaka wa ganyen ado da furannin zafi na kwana ɗaya ko biyu. Amma ba za ta sauko da ros zuwa digiri 3 ba, da damina kuma ƙarfinta raguwa yake.

A gaban mai kaya

Ki zagaya bayan firjin ki karanta farantin nan, ko ki ɗauke shi hoto ki faɗaɗa a wayarki. Wutarmu bolt 220 zuwa 240 ce. Kayan Beljiyam da suka fito daga Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, kada ki yarda a ce miki za a haɗa miki da taransifoma, wahala ce za ki saya.

Sai ajin yanayi, wanda kusan babu mai dubawa. A firjin gida da firiza za ki ga haruffa: N na nufin an yi shi don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST har 38, T har 43. Mu T muke bukata. A firjin shago lamba ake sawa: aji 3 na digiri 25 ne, aji 4 na 30, aji 5 na 40. Firjin da aka ƙera don shagon Jamus mai aji 3, idan kika kawo shi Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, injinsa ba zai huta ba dare da rana, kuma ba zai kai sanyin da kike so ba.

Za ki ga kuma sunan gas ɗin da ke ciki. Tsofaffi masu R12 ki bar su, an daina yinsa tuni. Sababbi yawanci R600a ne ko R290. Suna da tsimin wuta, amma suna kamawa da wuta, don haka ki tabbata mai gyaranki ya san su, kuma ba zai ɗura miki wani gas daban ba don shi ne a hannunsa. Tun kafin ki biya ma ki tambayi mai gyaran unguwarku ko ana samun kayan gyaran wannan samfurin a garinku.

Robar bakin ƙofa ki gwada ta da takardar kuɗi: ki rufe ƙofa a kanta ki ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi ma ta nan zai riƙa zarewa. Ki gwada sama, ƙasa da gefe. In na hannu ne, ki ce a kunna shi ki bar naki ma'aunin a ciki, ki je ki gama cefane ki dawo. Lambar da ke haske a goshin firji ba koyaushe take faɗin gaskiya ba. Ɗan ma'auni mai batir da ke nuna zafi da danshi tare, irin wanda masu ƙyanƙyasar kaji ke amfani da shi, ba shi da tsada, kuma shi ne abu na farko da ya kamata ki mallaka. Idan an kawo firjin gida a tsaye, ki bar shi awa huɗu kafin ki kunna. In kwantar da shi aka yi a mota, ki bar shi sai gobe, don man injin ya koma mazauninsa.

Abin da bai kamata ya kwana da fure ba

Nan ne mu iyaye mata muke faɗawa. Kin sayi firji, ga sarari, ga ayabar yara da mangwaro da tumatir na neman lalacewa. Kada ki sa. 'Ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska mai suna etilin, marar launi, wadda ita ce ke sa ayaba ɗaya nunanna ta nunar da sauran. A wurin fure wannan iska tsufa take kawowa. Kaneshan ya fi kowa jin ta, sai ki ga ya naɗe ya rufe cikin dare ɗaya. Okid da lili su kaɗe. Saboda wannan dalili ne ɗakunan sanyi na haya da ke kasuwannin kayan gwari ba su dace da fure ba, duk da sauƙin kuɗinsu. Hayaƙin janareta, na mota da na taba duk suna ɗauke da ita. Rubabben ganye a gindin bokiti ma yana fitar da ita.

Bari in sa hular aikina a nan. Furen da ake nomawa don kasuwa ana yi masa feshin maganin ƙwari da na fumfuna, kuma tunda ba abinci ba ne, ba a bin ƙa'idar da ake bi a kayan ci. Firjin fure na fure ne kaɗai. Kada abincin yara, zoɓo, nonon da kika tatsa wa jariri ko magani su shiga ciki. Ki sa safar hannu in za ki yi aiki da shi da yawa, musamman in kina da juna biyu, ki wanke hannu kafin ki ɗauki yaro. Firiza mai murfi a sama ki sa mata kwaɗo, don yaro mai wasan ɓuya ba ya sanin haɗari. Janareta kuwa waje, nesa da taga. Na karɓi iyali guda a sashen gaggawa waɗanda suka kwana da shi a baranda a rufe don tsoron ɓarayi, ba na fatan in sake ganin irin wannan dare.

Wurin ajiye firjin ya zama inda rana ba ta bugunsa, a bar tazarar tafin hannu ko fiye tsakaninsa da bango don zafin injin ya sami hanyar fita. Da hunturu ƙura na toshe ragar bayan nan cikin 'yan makonni, injin ya yi ta wahala yana shan wuta. Ki cire shi daga soket ki goge ragar da busasshen buroshi duk wata.

Firji kuma ba ya ta da matacce. Furen da ya sha zafi a but ɗin mota daga Jos, kada ki jefa shi ciki a kwalinsa. Ki buɗe, ki yanke santimita biyu zuwa uku daga gindin kowane kara da wuƙa mai kaifi, ki zage ganyen da zai nutse a ruwa, ki tsoma a bokitin da kika wanke da bilic, sannan ki sa a sanyi ya sha ruwa na 'yan awoyi kafin ki fara ɗauri. Ƙwayoyin cuta a ruwa mai datti su ke toshe hanyar ruwan kara, shi ne za ki ga kan ros ya sunkuya alhali yana tsaye cikin ruwa. Kada ki cusa bokitai su matse juna, iska na bukatar hanya.

Ƙanwata ta gama biyan adashinta kafin ta sake taɓa ɗanyen fure. Da ta tashi, firiza ta saya mai ajin T, wadda ke cin bokiti shida da robobin ruwa a kewaye, da tamostat na waje da sitabilaiza. Ba ta sa fure a ciki ba sai da ta yi mako guda tana gwada ta da ruwa zalla. A nan ta gano cewa idan an ɗauke wuta ba a buɗe murfin ba, tana kai wa daga asuba zuwa la'asar kafin ta haura digiri 8, don haka ta san lokacin da ya zama dole a ta da janareta da lokacin da za ta bar man ya huta. Na ba ta irin takardar da muke liƙawa a firjin rigakafi, mai gurbin safe da na yamma. Babbar 'yarta mai shekara goma sha ɗaya ce ke cike ta kafin ta tafi makaranta da bayan ta dawo daga Islamiyya, ana biyanta naira ɗari a mako.